Agogon Anti Shiru

Ɗan kamfanin kayan tsaro ya zazzage kayansa a kan teburin taro kamar mai tallan kayan koli: ga soket, ga ƙwan fitila, ga tukunyar fure ta roba, ga agogon bango. Kowanne da kyamara ɓoye a cikinsa.

"Ranka ya daɗe, duk ba su da waya," ya ce wa shugaban kwalejin. "Amma ta waya ake kallonsu."

Shugaban masu gadi ya kece da dariya har hularsa ta karkace. "Ba waya, sai waya! To mu kuma fa? A sallame mu ke nan?"

Shugabar laburare ta yi ɗan murmushi don kar a ce ba ta yi ba. Ɗalibai Anti Shiru suke kiranta, don kalmar da ta fi yawan fitowa daga bakinta ke nan. An sa ta a kwamitin tsaron kwalejin ne saboda ana yage shafukan manyan littattafai, kuma kwanan nan an sace kwamfuta a ɗakin gwaji. Kusa da ita Rajistara ce zaune, ƙawarta tun suna ɗalibai, wadda suka raba katifa ɗaya da bokiti ɗaya, wadda har gobe ke ce mata Yaya.

Akwai abin da Anti Shiru ba ta faɗa wa kowa ba. Idanunta sun fara dushewa. Rubutu ya koma mata kamar jerin tururuwa cikin hazo. Kullum sai ta kulle ofis, ta ɗiga magani, ta ciro madubin ƙara girman rubutu daga ƙasan durowa, ta bi takardu layi-layi. Likita ya ce aikin tiyata zai iya gyarawa, ta dai jira layinta. Tsoronta ɗaya: a sani kafin lokacin, a ce laburare ya fi ƙarfinta.

Aka riƙa miƙa kayan hannu-hannu. Ita da yake yanzu yatsunta sun fi idanunta aiki, shafawa take yi. Da agogon ya iso gare ta, babban yatsanta ya bi gefensa, ya tsaya a wani ɗan ƙuri kamar ƙurji a ƙasan lamba shida.

Ta san wannan ƙurjin. Duk safiya tana jin sa idan tana goge ƙurar agogon ofishinta, wanda Rajistara ta kawo mata da hannunta a naɗe cikin takarda mai sheƙi. "Yaya, bangon nan naki ya yi fayau kamar na asibiti," ta ce ranar.

"Wannan ɗan tudun fa?" Anti Shiru ta tambaya, muryarta a sanyaye.

"Hajiya, kin iya duba kaya! Idon ke nan," in ji ɗan kamfanin. "Shi ya fi kowanne. Kowa da kansa yake ɗaga masa fuska. Ai Madam Rajistara ta karɓi ɗaya na gwaji tun zangon da ya wuce. Bari ma ku ga yadda yake fitar da hoto."

"Bar shi, ba sai ka..." Rajistara ta fara.

Ina! Bakin alƙalami ya bushe. Ya riga ya jona wayarsa da babban allon bango.

Ko mai dishi-dishin ido zai gane ɗakinsa idan aka faɗaɗa shi haka. Ga kujerarta da ɗan matashin da ta ɗinka. Ga silifas ɗinta a ƙarƙashin tebur. Ga kwalbar maganin ido, ga madubin kwance a kan buɗaɗɗen littafi, inda ta manta shi garin saurin zuwa taro.

Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ta shekara tana roƙon ɗalibai ba ta samu ba. Shugaban masu gadi ya shiga gyaran hula. Shugaba ya yi gyaran murya, bai nuna mamaki ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi soya mata rai. Sai yanzu ta gane inda maganganun kwanakin nan suka samo asali. "Yaya, ba za ki huta ba? Akwai ofis mai sauƙi a sashen adana fayil." Ashe da ɗan gari akan ci gari.

"Yaya," Rajistara ta raɗa, tana taɓa gefen mayafinta. "Wallahi don ɓarayin littattafai aka sa. Abin da na gani kuma, tausayinki ne ya sa na gaya wa Shugaba."

"Ɓarayin a ofishina suke kwana?"

"Ba haka ba ne..."

"Da kin tambaye ni, Ƙanwata. Ƙofa ce kawai tsakaninmu."

Shugaba ya buga biro a tebur, yana son a wuce wurin. "To, kwamiti, wanne za mu ɗauka?"

"Agogon," in ji Anti Shiru. "Ni shaida ce. Yana gani da kyau." Ta miƙe, ta tura kujerarta ciki a hankali kamar yadda take koya wa ɗalibai, ta fita.

A ofis ta tsaya gaban agogon. Tun ranar da aka kawo shi ba ta taɓa iya karanta lokaci a jikinsa ba, hannayensa sun yi mata siriri. Don mai kyautar kawai ta rataye shi, take goge shi.

Ta kai hannu za ta sauke shi, sai ta fasa. Ta juya ta buɗe ƙofar ofishin har bango, ta tokare ta da kujera. Ta ɗauki madubinta da littafinta, ta fito babban zauren karatu, ta zauna a teburin tsakiya.

Wata ɗaliba ta ɗago, ta zunguri ta kusa da ita, suka fara ƙus-ƙus.

Anti Shiru ta sa madubin a kan layin farko. "Shiru," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.