Rediyon Bahaguwa

Tun Asta tana ƙarama a Mubi ake yaƙi da hannunta na hagu. An ɗaure shi da ɗankwali, an ƙwala masa ludayi, Goggo har rubutu ta karɓo aka shafa masa. Hannun dai ko a jikinsa. Daga ƙarshe aka yi sulhu: ci da gaisuwa da karɓar abu na dama ne, biro kuwa na hagu, in ba babba a kusa.

Shekarar da aka kori mutanen Mubi, a ƙafa suka ratso daji ita da innarta, suka sauka gidan Bappa Nu'uman, yayan babanta, a Jimeta. Ba ta zauna zaman jiran tausayi ba. Ta koma makaranta, har ta shiga ƙungiyar Malam Hosea, wani tsohon ma'aikacin tarho da ke koya wa ɗalibai haɗa rediyon masu hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa. Kowa ya samu kwalinsa: ɗan allo kore mai huji-huji, ƙananan kaya kamar tsabar wake, wayar jan ƙarfe, da wani baƙin zobe da ake naɗa wayar a jikinsa.

To, lokacin ba na yawo da wayoyin wuta ba ne, kowa na tsoron bam. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta ga 'yar gudun hijira da batir da wayoyi ja da baƙi, kafin la'asar magana ta kai ga Jauro Ɗanburam, mai unguwa.

Bappa ya yanke hukunci a tsaye. "Kin ce rediyo ce. To ranar Asabar ta yi magana a gaban Jauro. In ta yi shiru, kogin Binuwai zan jefa kwalin, ke da Malam Hosea kuma sai a lahira. Aikin ma a nan za ki riƙa yi, ƙarƙashin dogon yaro, inda kowa ke gani."

Inda kowa ke gani kuwa nan ne gaban kujerar Bappa. Da ta kai hannun hagu ga ƙarfen narka dalma, sai ya yi gyaran murya.

"Hannun cin tuwo, Asta."

"Bappa, ai ba ci zan yi ba."

"A gabana? Da hagu?"

Haka ta yi ta fama da dama. Dalma ta riƙa zuba guda-guda kamar kashin awaki, ta ƙone yatsa, naɗin zoben ya fito sako-sako kamar rawanin mai gudu. Ta kai wa Malam Hosea ya duba. Ya juya allon, ya cire tabarau.

"Wa ya yi wannan? Ba ke ba ce."

"Damata ce, Malam."

"To ki gaishe ta. Dalma ta haɗe ƙafafun kayan a nan da nan, zoben kuma a sake. Ba zan taɓa miki ba, kin san dokarmu, kowa da hannunsa."

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma. Jauro ya zo da mutum biyu, ya zauna can gefe, ya ajiye takalmansa kusa da ƙafa, suna fuskantar ƙofa. Maƙwabciyar tana kan katanga, wai shanya take yi. An ɗaure doguwar waya daga reshen dogon yaro zuwa rufin kicin. Asta ta jona batir, ta murɗa.

Shiru. Ko shuu babu.

Bappa ya dubi kwalin, ya dubi hanyar kogi.

Asta ta gyara zama, ta naɗe hannun hijabinta. "Bappa, Jauro, ku gafarce ni. Ladabi na yi ta yi duk makon nan, ga abin da ya haifa. Yanzu aiki zan yi."

Ta ɗauki ƙarfen da hagu. Bappa ya yi gyaran murya. Ya sake yi, har ya zama tarin gaske, aka miƙa masa ruwa. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba. Ƙarfen ya zauna a hannunta kamar da shi aka haife ta. Ta ɗebe gudajin dalma, ta sa sababbi ƙanana masu sheƙi. Ta warware zoben, ta sake naɗawa, zagaye na bin zagaye, tsaf kamar kitso.

Sai ga matsala. Da yake ta hagu ta naɗa, bakin wayoyin biyu suka fito saɓanin hujin allon. Na nan ya nufi can, na can ya nufi nan.

Jauro, wanda ya matso bai sani ba, ya ce, "Yarinya, kin yi shi a baibai."

"Wuta ba ta san dama da hagu ba, Jauro, hanya kawai take nema."

Ta lanƙwasa wayoyin suka gitta juna, ta zura kowace a hujinta, ta liƙe. Zoben ya tsaya a karkace kamar hular ɗan gaye. Ta jona batir.

Shuuu. Sai ƙyar-ƙyar. Ta murɗa a hankali, sai ga muryar wani ƙato tana fitowa ta hanci, da Turanci mai gargada.

Maƙwabciya ta yi salati. Jauro ya ce, "Me yake cewa? Ba dai mutanen daji ba?"

"Daga Italiya yake. Yana gaya wa abokinsa ana ruwa a garinsu, kuma gwiwarsa na ciwo."

"Duk wannan tashin hankalin don mu ji gwiwar Bature?" Jauro ya sa takalmansa yana dariya. "Nu'uman, bar wa yarinya kayanta. In ya sake magana a ce ina yi masa sannu."

Bappa ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar rediyonsa da ta mutu tun kafin rikici, ya miƙa mata. Asta ta tsaya tana duban hannayenta biyu.

"Karɓa da dama," ya ce. "Gyaran kuma, ki bari sai na tafi masallaci."

Yau Asta ke riƙe da ƙungiyar a Jimeta, da lasisinta a bango. Rediyonta ta farko tana kan tebur, zoben na nan a karkace. Sabbin ɗalibai kan ce a gyara shi, ita kuma ta ce wanda ya taɓa zai ga hagu.