Raken da Ya Kwana a Tulu

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai aka turo ni Hunkuyi malamin gona, da sabuwar difloma. Ban daɗe ba Alhaji Usmanu, mai injin mazarƙwaila, ya aiko kirana. Mazarƙwailarsa ta ragu, alhali raken da ake kawowa bai ragu ba. Zarginsa ya faɗa kan Ya'u, mai yi masa jigila da jakuna daga fadamar Likoro, wai yana musanya mai zaƙi da lami a hanya. Ya'u yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In aka kore shi da sunan sata, babu mai sake ba shi kaya.

Na tarar da raken jibge an lulluɓe shi da ganye, domin dokin da ke juya injin ya gurɗe, aiki ya taru. Na cusa hannu ciki, na ji ɗumi. Na bayyana wa Alhaji cewa rake ba ya mutuwa ranar da aka sare shi. Ƙwayoyin jikinsa suna ci gaba da shaƙar iska, suna ƙona sukarin da ya tara don su sami ƙarfi, suna fitar da ɗumi da iskar da ba ta riƙe wuta.

"Wato raken ne ke shan kansa," in ji Alhaji. "Malam, da ba ɗan'uwanka ba ne, haka karatun naka zai ce?"

Na roƙe shi ya gwada da hannunsa. Ya daddatsa sabon rake, ya cika tulu, ya liƙe bakin da laka, ya liƙe wani tulun babu komai ciki, ya kulle su a turakarsa. Washegari, a gaban jama'a har da Ya'u, ya zura kunnannen kara cikin kowanne. A tulun wofi wutar ta ci. A na raken ta mutu nan take.

Mutane suka yi kabbara, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Tulu ya nuna rake yana numfashi, bai nuna Ya'u bai yi musanya ba. Na faɗa wa Alhaji haka. Na ce a matse kayan gobe ranar da aka sare su, a gani.

Ya'u ya dube ni. "Ƙanena, kai ma?"

Aka aro doki. Na tsaya bakin tukunya tun daga tafasa har aka zuba a tasoshi, ina kauce wa idon yayana. Tasoshin suka cika kamar na bara.

Alhaji ya ɓanɓari mazarƙwaila ya miƙa wa Ya'u, ya ce ya sammako gobe. Ya'u ya karɓa, ya kora jakunansa. Bai tsaya jirana ba.