Shanyar Baba Eldon

Yaya Shawna ce ta bugo waya daga Toronto, ciki ya tsufa, likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ga shi komai ta ci sai ya dawo.

"Corey, dals nake so. Na can gida Dark Harbour, ba na kanti ba."

"Ke da kika ce warinsa kamar takalmin masunci?"

"Ɗan banza! Ka aiko, ko in sa wa yaron sunan wani."

Ai ba shiri na tura kwale-kwale. Ranar ce teku zai yi babbar janyewarsa ta ƙarshe kafin sanyi, in ta wuce sai baɗi. Na tsinko dals ɗin, jan ganyen tekun nan da ake busarwa a ci, daga jikin duwatsu har bayana ya ƙage, na zo na shanya a kan raga bisa tsakuwa, gefen shanyar Baba Eldon, tsohon da gwiwa ta hana shi sakat.

"Baba, wannan shanya ce ko katifa kake shimfiɗawa?"

"Yaro, tun kana tsotson yatsa nake shanya. Kama gabanka."

Na kama gabana, na tafi shagon tashar jirgin ruwa, wai shan kofi. To, Kayla ce ke sayarwa, kun gane. Ina cikin zuba sai ta nuna taga. Hazo ya taso daga teku, da yayyafi a bayansa. Dals kuwa in ruwan sama ya taɓa shi a shanya, ya koɗe ke nan.

Na fita da gudu. Ko tafin hannuna ba na gani. Na lalubo bakin raga, na naɗe ganyen kamar tabarma, na saɓa, na jefa a rumfa, ina haki ina yabon kaina.

Da hazon ya ɗan yaye, me zan gani? Ga tawa shanyar can, sharkaf, ta yi fari fat. Ta Baba Eldon na kwashe!

Sai ga shi yana ɗingishi, ya leƙa rumfa, ya dubi tawa, ya dube ni. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe katifar tawa ta yi maka kyau."

"Baba, bari kawai. Na Shawna ne fa. Ba ta iya cin komai."

Dariyar ta tsaya. Ya yagi ganye ɗaya, ya tauna, ya gyaɗa kai.

"Da wannan gwiwar, ba don ka kwashe min ba, da yanzu ni ma ba ni da ko tsinke. Ɗauko jakar takarda, babba. Ka ce ta riƙa gasawa kaɗan a kasko, ya fi zama a ciki."

Na cika jaka har tana neman yagewa.

"Kai, ɓarawo, na ce jaka, ban ce buhu ba!"

Washegari jakar ta bi jirgin safe. Bayan kwana biyu Yaya ta kira, bakinta cike, ƙurus-ƙurus kawai nake ji.

"Wannan ba shanyarka ba ce. Ya yi daɗi da yawa."