Ba Wanda Ya Sa Miki

Shekara uku Zubaidatu tana riƙe da mijinta Haladu a zuciya, ba ta taɓa furta masa ba. Tun da ƙaiƙayi ya kama ta a gabanta, fatar wurin ta yi fari fat tana tsagewa, ta yanke hukunci ita kaɗai: tsarabar Kudu ce. To, mutumin da ke kai shanu Kudu ya yi sati uku bai dawo ba, wa zai rantse a kansa? In ya kusance ta sai jikinta ya ɗaure tamau, ga zafi kamar an zuba barkono. Daga baya ta daina yarda gaba ɗaya. Aure ya koma na gaisuwa da ajiye kwanon tuwo, ita ma ta san ba zai daɗe a haka ba.

Wata Talata Haladu ya ce ta je asibitin Gwarzo. A can likita ta duba ta, ta faɗi wani dogon suna na Turanci, ta rubuta man shafawa, sannan ta tura ta sashen gashin ƙashi. Ta tafi tana mita: ita da ba ta karye ba, me za a gasa?

Ma'aikaciyar wurin, Sista Badi'a, ta yi mata bayani dalla-dalla. Ciwon fata ne. Tsoron zafi shi ke sa naman ƙasan mara ya ƙanƙame, shi ne za a koya masa saki da numfashi da atisaye. Ta hana ta sabulu a wurin, da ruwan bagaruwa, da tsugunon turare.

"Kuma ba a ɗaukarsa, Yaya. Ba wanda ya sa miki."

Har zuciyar Zubaidatu ta fara sanyi, sai Sista ta kalli sunan garinsu a katin.

"Madadi? Gidan wa?"

"Gidan Haladu mai shanu."

"Ikon Allah! Ai kakata da kakarsa ciki ɗaya suka fito."

Shi ke nan, magana ta lalace. Zubaidatu ta fito tana ƙwafa. Wato shi ya sa ya ce ta je Gwarzo ran Talata! Dangi ne suka haɗa baki za su wanke ɗansu. Cewa Sista ta yi maganar tun kafin ta duba katin bai dame ta ba, ta ce wannan ma cikin shirin ne.

Ran Alhamis ta ce za ta gaida yayarta a Garo. Ta ari niƙabi, ta zarce asibitin Kabo inda ba a san ta ba, ta yanki kati da sunan Uwaliya. A nan ma sashen gashin ƙashi aka tura ta.

A kan bencin jira ta tarar da wata tsohuwa, Hajjo, irin waɗanda ba sa jira a tambaye su. Kafin su gama gaisawa ta zayyana mata ciwonta kaf: farin, ƙaiƙayin, tsagewar, ba abin da ya bambanta.

"Maigidanki matafiyi ne, Inna?" Zubaidatu ta tambaya ƙasa-ƙasa.

Hajjo ta yi dariya. "Ya yi tafiyar da ba a dawowa, 'yar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ciwon kuwa bara waccan ya same ni. Wa zan kama?"

Zubaidatu tana cikin juya maganar aka buɗe ƙofa aka kira Uwaliya. Ta ɗaga kai, sai ga Sista Badi'a tsaye da kati a hannu. Ashe ita kaɗai ce mai gashin ƙashi a yankin, Talata Gwarzo, Alhamis Kabo.

A ciki, gaisuwa ɗaya ta tona ta. Sista ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambayi dalili ba.

"Ko Uwaliya ko Zubaidatu, ciwon ɗaya ne. Kwanta, ɗora hannu a mara, ki ja numfashi har ki ji ya cika ta."

Ta ja, ta saki. A karo na biyar ta ji wurin ya ɗan sassauta, sai kuka ya ƙwace mata. Kunya ce tsagwaronta.

Da la'asar ta iske Haladu a tsakar gida yana gyaran igiyar shanu. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam, ba Garo na je ba. Asibiti na koma. Sun ce ba a ɗaukarsa. Ni kuwa kai nake zargi."

Bai ɗago ba.

"Na sani. Sau uku ina zuwa Kano ana gwada ni, ba a ga komai ba."

"Me ya hana ka gaya min?"

Ya ajiye igiyar, ya dube ta. Sai lokacin ta lura da yadda ya rame.

"Ta ina zan fara, Zubaidatu? Ba ki taɓa tambayata ba."