Tsagar Almakashi a Gefen Hoto

"Ɗaga shi sama sosai," in ji Tela. Na manna hoton a gilashin taga, ita kuma ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta ɗora a kan farin tabon da ke tsakiya.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ta yarda da awon wani ba. Ko ka faɗa mata tsawon rigarka sai ta sake gwada ka. Da likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce ke damunta, kuma duk wata uku za a sa ta a na'ura a ɗauki hoto a ga ko abin ya ƙaru, sai ta riƙa auna hotunan da kanta. Ba ta karatu, amma lamba ba ta ɓace mata. 'Yarta Auta ce ke karɓo sakamako daga asibiti.

Tela ta gama awo, ta ce tabon daidai yake da na baya. Ta shafa gefen hoton da babban yatsa, sannan ta dube ni, irin kallon da take yi wa mai yadin da ya rage mata awo.

Na kawar da kai, don sabon hoton kwanansa tara a ƙarƙashin katifata. Auta ce ta kawo mini shi tana kuka, ta ce likita ya nuna mata abin ya bazu, shi ya sa ta saka tsohon a sabon ambulan kada uwar ta karaya. Na karɓa, ina ganin taimako nake yi.

Tela ta nuna mini wata 'yar tsaga a gefen hoton. Ta ce ita ta yi ta da almakashi wata uku da suka wuce, yadda take yi wa yadi alama. Ta ce dama ta lura Auta ta daina gardama da ita, ni kuma da ban taɓa yabon kowa ba na shigo jiya ina cewa ta yi ƙiba.

Na fara kame-kame, ta katse ni. "Yaya, kayan mutum bakwai ne a ɗakin nan. In lokaci ya zo, gara in sani, in mayar wa kowa da nasa."

Kunya ta rufe ni. Na je na ɗauko sabon hoton. Ta auna sau biyu, ta naɗe tef ɗin a hankali, ta ce in mayar da shi inda yake, kuma kada Auta ta ji. "Yarinyar ta yi ƙoƙari, a bar ta da abinta."

A cikin makon ta mayar da yadukan duka, tana cewa idonta ne ke damunta. Bayan sati biyar ta rasu, wata Talata da hantsi.

Da mutane suka watse, Auta ta zauna kusa da ni a bakin ƙofa. "Inna, ba ta sani ba ko?"

Na ce ba ta sani ba.

Ta ɗora kanta a cinyata, numfashinta ya lafa, barci ya ɗauke ta. Ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba.