Ranar da Furera Ta Kama Sunan Mubina

Wata bakwai da rasuwar Mubina 'yar Furera, Amparo ta ƙwanƙwasa wa Furera ƙofa. Maƙwabciyarta ce a garin Springfield na Amurka, 'yar Meziko. Abby 'yar Amparo da Mubina tare suka taso tun firamare har jami'a, kafin sikila ta yi wa Mubina kamun da ba ta tashi ba.

"Ranar Asabar muke bikin tuna mamatanmu a zauren unguwa," in ji Amparo. "Mukan jera hotunansu, mu ajiye musu abincin da suke so. Abby na son sa hoton Mubina. Na ce sai kin yarda."

"Mu addu'a muke wa namu," in ji Furera. "Ba ma biki."

"Na sani. In kin ce a'a, shi ke nan."

Da mijinta Munzali ya dawo daga aiki ta faɗa masa.

"Ni dai ba zan je ba," ya ce. "Amma Abby ita ma rashi ta yi. Ki ba su hoton."

Furera ba ta yi niyyar zuwa ba, amma ranar Asabar bayan la'asar sai ga ta a bakin zauren. Kiɗa ke tashi, yara na guje-guje da fuskoki an zana musu ƙwarangwal, ko'ina furanni ruwan goro da kyandir. Ranta ya sosu: ana maganar mutuwa, ana dariya? Har ta juya, sai idonta ya faɗa kan hoton, tsakanin wani tsoho mai malafa da wata jaririya. A gabansa kwalbar zoɓo ce da ɗan kwanon dambun nama.

Abby ta matso, idanu jawur. "Mama, ni na haɗa zoɓon. Bai yi kamar naki ba."

Furera ta riƙe hannunta.

Can aka tsayar da kiɗa. Aka fara miƙa lasifika hannu zuwa hannu, kowa ya kira sunan mamacinsa, jama'a su amsa da kalma guda. Amparo ta raɗa mata cewa ma'anarta "yana nan". Kafin ta ankara lasifikar na hannunta.

Mubina 'yar fari ce. Shekara ashirin Furera ba ta taɓa kama sunanta ba, don kunya, yadda ta ga uwarta na yi a Funtuwa. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Mubina kan rungume ta a kicin tana magiya da Turanci: "Mama, sau ɗaya tak, ki faɗa in ji." Ita kuwa sai ta ture ta tana dariya, ta ce ta tafi ta ba ta wuri.

Jama'ar zauren na jiran ta.

"Mubina," ta ce a hankali. Ta sake cewa, da ƙarfi, "Mubina Munzali."

Mutum fiye da ɗari suka amsa.

"Ba ta nan," in ji Furera da Hausa. "Wallahi ba ta nan." Ba wanda ya gane, amma Amparo ta rungume ta.

Amparo ce ta kawo ta gida a mota. Furera ta yi alwala ta ta da magariba. Sau uku tana fara Fatiha kuka na katse ta, sai a na huɗu ta kai ƙarshe.