Ɗigo Uku a Wuyan Riga

Kwana talatin da takwas da harbe Malik Tajammul, ɗan majalisar Kot Mehrab, kowa a garin ya riga ya gano wanda ya sa aka kashe shi, in ban da gwamnati. Ita gwamnati cewa ta yi wani mai taɓin hankali ne, shi kaɗai, ba wanda ya aiko shi. Masu gadin marigayin kuwa nan take suka bindige maharbin a filin taro, ba a sami ko guntuwar takarda a aljihunsa ba, balle a ji sunansa. Mutanen gari suka ce to, a gaya wa wanda bai yi wayo ba.

Tun a makon farko hoto ya ɓullo. Wata tashar talabijin ta samo hoton rigar maharbin, ta zagaye cikin wuyanta da jan layi: ɗigo uku baƙaƙe a jere, da 'yar lanƙwasa a ƙarƙashinsu kamar jinjirin wata. Kullum sai an nuna, da kiɗa mai faɗar da gaba.

A teburin mai shayi, mai aski ya ce ɗigon nan uku janar-janar uku ne. Mai faci ya rantse rubutun mutanen ƙetaren iyaka ne, ai ya taɓa ganin irinsa a jikin wata taya. Amma mai yanke magana shi ne Masta Inayat, tsohon hedimasta, wanda ya ajiye bulala amma bai ajiye murya ba. Shi ya ce tambarin wata ƙungiyar asiri ce da gwamnati ke rufa wa baya, mai rassa har cikin garin nan, kuma ranar sadakar arba'in zai fasa ƙwai a gaban kowa.

Shagufta, matar Basharat mai wanki da guga, tun ranar farko ta gane abin. Tana murza gurasar capati ta ɗaga kai ta ga hoton, hannunta ya tsaya cak. Ai aikinsu ne. Kowane mai wanki yana da alamar da yake ɗiga wa kayan kowane gida don kada su cakuɗe: a soka allura a ƙwallon wata bishiya da ake kira bilawa, a ɗiga baƙin mansa a cikin wuyan riga, shi ke nan, sai dai rigar ta mutu da shi. Ɗigo uku da lanƙwasa kuwa, marigayi surukinta ne ya yanka wa gidan Masta Inayat tun shekara talatin da suka wuce.

Basharat ma ya gane, kuma tun daga ranar bakinsa ke masa ƙaiƙayi.

"Kalma ɗaya fa," in ji shi. "Kalma ɗaya zan faɗa a teburin shayi, Masta ya haɗiye gashin bakinsa."

"Daga nan fa, Baban Mehwish?"

"Daga nan a sa ni a talabijin."

"Daga nan farar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar nan, a ce ka zo tambaya biyu za a yi maka. Mijin maƙwabciyarmu Nasrin tambaya biyu aka ce masa. Yaushe ya dawo?"

"Bayan shekara biyu," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"To shekara ɗaya kowace tambaya. Ɗauki dutsen gugarka."

Abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Rigar makarantar Mehwish, 'yarsu mai shekara shida, kwance ce daga jikar Masta, kuma alamar na nan ɗaram a wuyanta. A ranar ta sami ƙyalle ta ɗinke wurin ruf, ta ce Allah ya rufa asiri.

Asirin ya rufu har ran Laraba, ana jibi sadakar arba'in. Mehwish ta dawo daga makaranta da tsalle, kitso ɗaya a warware.

"Ammi! Ammi! Ashe ina da abin talabijin!"

Shagufta ta juya ta. Ƙyallen na reto da zare ɗaya.

"Wa ya ja miki riga?"

"Sidra, muna wasan kamo. Sai Malama Rubina ta gani, ta ce in tsaya kar in motsa, ta ɗauke ni hoto. Ammi, ni ma za a nuna ni?"

"Je ki wanke hannu."

Malama Rubina 'yar ƙanwar Masta Inayat ce. Shagufta ba ta gama haɗa wannan a ranta ba sai ga Basharat ya shigo da ƙunshin wanki a ka, fuskarsa kamar an jiƙa ta a bula.

"Masta na can yana cewa ya sami hujja. Wai har yara ƙungiyar take ɗauka. Wai hoton yarinya 'yar shekara shida na cikin wayarsa, jibi zai nuna wa ɗan jaridan da zai zo daga birnin Multan, ya faɗi sunan gidan." Ya sauke ƙunshin. "Ko mu tafi wajen yayarki a ƙauye?"

Shagufta ta tuna magoya bayan Malik, waɗanda suka ƙona rumfuna shida ranar jana'iza ba tare da an nuna musu gidan kowa ba. Ta dubi Mehwish, tana bakin famfo tana yi wa sabulu waƙa.

"Wanda ya gudu ya amsa laifi," ta ce. "Ina farar rigar Masta ta jibi?"

"Ban goge ba."

"Goge ta. Ka ba ta sitaci har ta iya tsayawa da ƙafarta."

Washegari da hantsi ta yafa gyale, ta ɗauki rigar a hannu kamar jaririya, ta nufi gidan Masta. Ta tarar da matarsa, Khala Parwin, a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"A'a, 'yata, yau da kanki? Ina mai gidan naki?"

"Khala, magana na zo mu yi." Ta durƙusa ta rage murya. "Alamar nan ta talabijin..."

"Tamu ce," in ji Khala, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Miƙo min faifan can."

"Kin sani?"

"Shekara talatin ina karɓar wanki, a ce ban san wuyan rigar mijina ba? Ke, akwai macen da ba ta san alamar mai wanki ba ce a garin nan? Matar mai aski har dariya ta yi sai da ta ƙware. Maza ne dai ba su taɓa leƙa cikin rigarsu ba, sai dai su zura kai su fita."

"To me ya sa ba ki gaya masa ba?"

"Ya tambaye ni ne? Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa tambayata abin da ya wuce gishirin miya ba." Ta yi 'yar gyaran murya. "Kuma akwai maganar tukunya."

"Wace tukunya?"

Khala ta nuna wata tukunya mai sheƙi a kan murhu. Bara, ta ce, matar nan mai yawo tana musayar tukwane da tsofaffin kaya ta zo. Ita kuwa ta kwashe rigunan Masta uku ta ba ta. Daga nan sai kasuwar gwanjo ta Multan, inda kowane ɗan Adam ke iya saye, har da mai niyyar harbi.

"Ya yi ta neman mai ruwan tokar nan, wai ita ce mai sa'a. Na ce masa mai wanki ne ya ɓatar."

"Mu kika ɗora wa, Khala?"

"To wa ake ɗora wa in ba mai wanki ba?"

Shagufta ta haɗiye wannan, don ba shi ya kawo ta ba. Ta gaya mata zancen hoton, da ɗan jarida, da rigar jikarta da ke wuyan Mehwish. Khala ta ajiye faifai.

"'Yar mitsitsiyar nan? Mai waƙa? Kai, wannan tsoho." Ta ɗaga murya. "Kana ji? Fito, an kawo maka rigarka!"

Masta Inayat ya fito da jarida a hammata, tabarau a goshi. Shagufta ta ja gyale ta gaishe shi.

"Masta Sahib, rigar gobe ce. Baban Mehwish ya ce ka duba sitacin wuya ko ya yi maka. Ta ciki."

"Matar Basharat ce ko?" Ya yi mata wani irin kallo, na wanda ya san abin da ba a san ya sani ba. Ya sauke tabarau, ya juya wuyan rigar.

Jaridar ta faɗi.

"Inna lillahi! Sun shigo har gidana! Parwin, rufe ƙofa! Gargaɗi ne suka aiko min, sun san gobe zan..."

Khala ta shiga ɗaki ta fito da kaya rungume. Ta jefa masa singileti a cinya: ɗigo uku da lanƙwasa. Wando: ɗigo uku da lanƙwasa. Zanen gado, rigar matashi, tawul. Ta ƙarasa da kai hannu ta juya wuyan rigar da ke jikinsa, ta ja shi gaban madubin wanke fuska.

"Ga shugaban ƙungiya," ta ce. "Shekara talatin yana kwana a kan tambari."

Masta ya zauna a bakin gadon igiya. Da Khala ta ba shi labarin tukunya, sai ya juya ya dubi tukunyar.

"Mai ruwan tokar?" ya tambaya daga baya, da 'yar ƙaramar murya.

"Ita."

"Mai sa'ar?"

"Ai ka ga sa'ar da ta yi wa wanda ya saya."

Shagufta ta matso kaɗan, kanta a ƙasa.

"Masta Sahib, kai uba ne, ni ban isa in gaya maka abin da za ka faɗa gobe ba. Sai dai in an nuna hoton 'yata, za a tambaye ni inda ta sami rigar, ni kuwa zan ce ta jikarka ce. In aka tambayi Baban Mehwish alamar gidan wa ce, ka san shi, ko hular ɗan sanda ya gani a rataye sai ya faɗi gaskiya. Mu za a fara ɗauka. Amma farar motar tana da kujerar baya."

Masta ya shafa gashin baki. Sannan ya zaro waya, ya yi ta latse-latse har ta fara karatun labarai da kanta.

"Yaya ake goge abu a wannan shaiɗaniyar?"

Shagufta ta karɓa ta goge, ta shiga inda gogaggun hotuna ke ɓuya ta sake gogewa. Ba ta tashi ba sai da ya kira Malama Rubina, ta ji da kunnenta yana cewa bincike mai zurfi ya nuna yarinyar ba ta ciki, a goge hoton maza-maza, kuma a daina ɗaukar 'ya'yan mutane hoto a aji.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a ƙarƙashin rumfa, manyan tukwanen shinkafa na tururi a gefe. Shagufta na ɓangaren mata, Mehwish a cinyarta, ta riƙe ta gam. Ɗan jaridan Multan ya saita kyamara. Masta Inayat ya miƙe cikin farar riga mai tsayawa da ƙafarta, ya naɗe wuyansa da mayafin ulu a wannan uban zafi.

"'Yan'uwa," ya ce, "na yi alkawarin fasa ƙwai, ga shi. Alamar nan da ake nuna mana, ƙasa ce gwamnati ta watsa mana a ido! So suke mu yi ta kallon wuyan riga, mu manta da babbar tambaya. Ina tambayar ku: me ya sa agogon hasumiyar kasuwa ya tsaya a ƙarfe huɗu da minti goma?"

Wurin ya ɗauki guna-guni. Mai aski ya dafe kai. Agogon nan tun shekarar ambaliya ya tsaya, kafin a haifi Mehwish, kuma Malik da hantsi aka harbe shi. Amma kafin a raba shinkafa an sami mutum huɗu da suka ga wani baƙo yana hawa hasumiyar. A ɓangaren mata kuwa, matar mai aski ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Da la'asar Basharat na goge kakin babban ɗan sandan garin, sai ya tsaya da dutsen guga a sama.

"Maman Mehwish, wani abu ya faɗo min. Kakin nan ma da alamarmu a wuyansa. Babana ya ce a zamaninsu in aka tsinci gawa, mai wanki 'yan sanda ke fara nema. Kowane kurtu ya san wannan. Kwana arba'in, ko mutum ɗaya bai zo ya tambaye mu ba. Ba kya ganin kamar ba sa so su..."

Shagufta ta yago capati ta dangwalo miya ta cusa masa a baki.

"Ina gani," ta ce. "Tauna."

Ta koma kan tabarma, ta ɗauki almakashi ta yanke wuyan rigar makarantar gaba ɗaya, ta jefa a garwashin dutsen guga, ta fara ɗinka sabo daga wani farin ƙyalle. Mehwish ta tsaya a kanta, baki a tunzure.

"Yanzu ba ni da abin talabijin."

"Ba ki da shi."

"Sidra za ta ce ƙarya na yi."

"Ta ce."

Da ta ga hawaye na shirin zuwa, sai ta jawo ƙwallon bilawa, ta soka allura, ta ɗiga ɗigo ɗaya tak a sabon wuyan.

"Ga naki. Ba na gidan kowa ba ne, naki ne ke kaɗai."

Mehwish ta ƙura masa ido.

"Me yake nufi, Ammi?"

"Yana nufin rigar Mehwish ce," in ji Shagufta, ta gatse zaren da haƙori. "In wani ya ce miki yana nufin wani abu, ki turo min shi."